Shirun Adda da Kukan Talle

Har yau da haƙorana suka zube, idanuna suka yi hazo, akwai tambayar da na rasa mai ba ni amsarta. Yaya hannu guda zai mari 'yar mutum da azahar, kafin la'asar kuma Allah ya bi ta kan wannan hannun ya tayar masa da jika? Na tambayi Malam, mai gidana, kafin ya rasu, ya ce ikon Allah ne. Na san ikon Allah ne, ai ban ce na wani ba ne. Abin da nake so in sani shi ne inda zan ajiye mai hannun a zuciyata: cikin waɗanda nake yi wa addu'a, ko cikin waɗanda na bar su da Allah. Na tsufa ban sani ba.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Autata Saratu ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. In ta ga na tsaya ina kuka ta jira ni, ba sauri muke yi ba. Wannan magana taku ce duka, 'ya'yana, amma mai ita ta ainihi ita ce jikata Talle, wadda ta dawo gidan nan goyon ciki, cikinta na fari. Da ke nake, ƙawata. Shekaranjiya ina kishingiɗe a ɗaki, kuna tsakar gida kuna tsinke zogale, kun ɗauka barci nake yi, na ji kina cewa:

"Ni dai haihuwar mamana zan yi. An ce ko tari ba ta yi ba har aka gama. Wallahi ba mai jin bakina."

Matan gidan suka yi ta sa miki albarka, wata har da guɗa. Ni kuwa na ji kamar an sheƙa mini ruwan randa a gadon baya. Shi ya sa na aika aka kira Saratu.

Uwarki ita ce 'yar farina. Ban taɓa kiran sunanta ba, ba kuma yau zan fara ba, haka aka raine mu. Ƙannenta Adda suke ce mata, ni ma Adda zan ce.

A rugarmu, can gefen Disina, haihuwa ba abin taro ba ce. In naƙuda ta zo wa mace sai ta sulale ta shige ɗaki, ta durƙusa, ta kama ƙafar gado ko bakin turmi, ta cusa haɓar zane a baki. Shi ya sa har yau ake cewa wance tana kan gwiwa. Ungozoma ba ta zuwa sai an ji kukan jariri, ta yanke cibiya, ta gyara mai jego. Wadda ta yi ihu kuwa ta shiga uku, 'yan mata za su sa ta a waƙa a bakin rijiya, har 'ya'yanta sai an yi musu gori. Ranar da na haifi Adda na tauna zanena har ya ɓule. Da ƙanwar mahaifiyata ta shigo, kafin ta duba ko mace ce ko namiji, abin da ta fara cewa shi ne, "Barka, ba ki ba mu kunya ba." Na daɗe ina jin daɗin wannan kalma fiye da duk wata sutura da aka taɓa ɗinka mini.

Akwai kuma wanda ba ku sani ba, namiji, tsakanin Adda da mai bi mata. Ya faɗo jikinsa saɓe, launinsa kamar toka, bai yi kuka ba. Ungozoma ta yayyafa masa ruwan sanyi, ta kaɗa tasa a kusa da kunnensa, ta ɗaga shi ta jijjiga. Shiru. Ta ce bai zo da kwana ba. Aka naɗe shi a ƙyalle, Malam ya kai shi gindin tsamiyar bayan ruga. Na yi wankan jegona hannu wofi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Da shanu suka ƙare muka dawo Azare, Malam ya kama awon hatsi a kasuwa. Yayarsa, Goggo Dije, da mijinta ya rasu, ta zo ta zauna da mu, kuma ita ce uwar Adda a idon duniya. Ita ta goya ta, ita ke yi mata kitso, ita ke yi mata faɗa. Ni nawa kallo ne ta wutsiyar ido. In na ga ta rame sai in ƙara man shanu a tuwon Goggo, na san wanda zai ci. Adda ta tashi siririya, mai sanyin murya, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu. Tana saƙa faifai mai kyau, irin wanda ake rataye wa a bango ba a rufe ƙwarya da shi. Ta auri babanki, malamin makaranta ɗan Hardawa, ita ta ce tana so, ba wanda ya matsa mata.

Ta dawo mana goyon ciki da damina, lokacin gero ma ya ɗauki ciki. Babanki ya rako ta, ya durƙusa a zaure ya gaya wa Malam cewa a wajen awo an ce ɗan yana da girma, ita kuma ƙugunta ƙarami ne, don haka yana roƙon a kai ta asibiti in lokaci ya yi. Malam ya shigo bayan la'asar ya faɗa mana. Goggo na taunar goro, ta tsaya cak.

"Asibiti? Ciwo take yi? Haihuwa fa aka ce, ba karaya ba. Akuyar gidan nan ta zuba biyu makon jiya, wa ya kai ta awo?"

"Yaya, ai akuya ba malamin makaranta take aure ba," in ji Malam.

"To shi ya zo ya haifa mana, tunda shi ya karanta."

Malam ya yi dariya har da tari, sannan ya gyara murya ya ce, "Amana ya ba ni. Ranar da ta tashi, asibiti za a kai ta. Na gama magana."

Goggo ta juyo kaina. "Ke kuma kin yi gum kamar tukunya. Ba ki da ta cewa?"

"Me zan ce a kan 'yar mutane?" na ce. Amsar da ta dace da uwar 'yar fari ke nan. A zuciyata kuwa na ji sanyi, domin na tuna gindin tsamiya.

Ranar da abin ya zo, ba bakinta ne ya gaya mini ba, taɓaryarta ce. Na san dakan Adda kamar yadda ake sanin takun mutum. Da safen nan ina ɗaki na ji tana daka sai ta tsaya, tsayawa mai tsawo, sannan ta ci gaba. Na leƙa na gan ta ta jingina goshi da taɓarya, gumi na ɗiga daga haɓarta cikin turmi. Ba ni da bakin tambayarta. Na je na ce wa Goggo, "Dakan 'yarki ya sauya." Goggo ta fito ta tsaya a kanta.

"Ke, tun yaushe?"

"Ba komai, Goggo."

"Tun yaushe na ce, ja'ira?"

"Tun jiya da hantsi."

Wato ta wuni, ta kwana, ta tashi ta yi shara, ta ɗauki taɓarya, duk da naƙuda a jikinta, ba wanda ya ji ko numfashinta. Aka kira Malam daga kasuwa, ya zo da motar wani abokinsa mai ɗaukar buhuna. Goggo ta shiga da ita, domin ita ce mai rakiya. Ni wurina gida. Na zagaya tsakar gida, na ɗauki tsintsiya na ajiye, na rasa inda zan sa kaina. Daga ƙarshe na cika fulas da kunu, na yafa mayafi, na ce wa yara, "Sun manta kunu." Kowa ya san mai naƙuda ba kunu ne a gabanta ba, amma ba wanda ya ce mini komai.

Ba zan faɗi wane asibiti ba ne, ba shi ne abin nufi ba. Na tarar da su a baranda, kan wani dogon benci cike da mata masu ciki, wasu na murƙususu, wasu na kiran iyayensu. Daga cikin ɗakin haihuwa kuwa ihu ne ke fitowa irin wanda ban taɓa ji ba a rayuwata. Ma'aikatan mata biyu ne kacal a kan wannan taro. Babbarsu doguwa ce mai tabarau, da zoben azurfa a hannun dama, kowa Sista yake ce mata. Ba baƙuwa ba ce balle in ce ba ta san mu ba, bakinta irin namu ne sak. Takan fito, hannunta da safar roba, ta dubi benci, ta ja wadda ta fi kowa ihu ta shige da ita. Adda na zaune a ƙarshe, ta sunkuyar da kai, haɓar mayafi a tsakanin haƙoranta. Goggo ta tare Sista ta ce naƙudar tun jiya ce. Sista ta dubi Adda sama da ƙasa.

"Wannan? Mai naƙudar jiya ce za ta zauna kamar amarya? Hajiya, ku bar ni in ji da waɗanda abin ya zo musu."

Da ta wuce, Goggo ta zungure ni ta ce a kunnena, "Kin gani? Su da aikinsu ma sun kasa ganewa. 'Yar gidan mutunci ke nan." Ni ma a lokacin kaina ya kumbura. A wajenmu shiru shi ne alamar ta kai mace. A wajensu shiru shi ne alamar da sauran lokaci. Ba wanda ya fassara wa wani. Haka muka zauna har aka kira azahar.

Sai kawai Adda ta zame daga benci ta durƙusa a kan siminti. Nan ne Sista ta zo da sauri ta ja ta ciki, ta rufe ƙofa, ta ce ba a shiga. Goggo ta tafi neman ruwan alwala. Ni kuwa na zagaya bayan ginin, cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, na sami taga da gilashinta ɗaya ya fita. Na tsaya a nan da fulas ɗina a hannu. Abin da zan faɗa yanzu ba wanda ya ba ni labari.

Gadon ƙarfe ne mai tsawo, an shimfiɗa masa roba. Aka tuɓe ta a gaban kowa, aka ce ta kwanta rigingine. Ban taɓa ganin an haihu a rigingine ba, ko dabba ba ta yi. Da Sista ta juya wajen wata, sai Adda ta lallaɓa ta sauko, ta durƙusa ta kama ƙafar gadon, yadda jikinta ya gaya mata, yadda ni na haife ta. Aka mayar da ita. Ta sake saukowa. Sista ta zo ta ɗaɗa mata duka a cinya, ta ɗago ta, ta ƙara mata mari a kunci, har tabaran ya zame mata.

"Nan ba ruga ba ce! So kike ki kashe ɗan a ƙasa a ce ni ce? Hau!"

Ta ƙara da wata magana a kan yadda aka yi cikin, wadda ba zan sa Saratu ta rubuta ba. Suka ɗaure ƙafafunta a jikin wasu ƙarafa biyu, suka rataya mata ruwan naƙuda a hannu. Ba wanda ya ce mata ga abin da za a yi miki, ko ga dalili. Ruwan na shiga, na ga cikin yana tattarewa kamar ana matse tsumma. Ba ta ce uffan ba. Da abin ya ƙi, Sista ta taka kujera ta ɗora dantsenta a saman cikin ta danna da dukan nauyinta.

"Yi nishi! Ke kurma ce? Yi magana mana, in san inda kike!"

A nan Adda ta juyo, idonta ya faɗa cikin nawa ta wannan taga. Kin san abin da ta yi, Talle? Ba ta kira ni ba. Hannunta ɗaya da ba a sa wa ruwa ba ta miƙa tana laluben zane, don ta rufe jikinta, kada uwarta ta gan ta haka. A cikin wannan hali, kunyata take ji. Na haifi 'ya'ya, na ga mata masu dauriya, amma ban taɓa ganin ɗan adam ya ɗauki abin da yarinyar nan ta ɗauka ba. 

Can sai na ga jikinta ya saki, fuskarta ta washe. Ta buɗe baki a karo na farko, da 'yar muryarta, ta ce:

"Sannu da aiki, Sista. Ciwon ya tafi."

Ni na yi hamdala. Sista kuwa fuskarta ta sauya kamar wadda ta taka maciji. Ta lalubi cikin, ta kara wani ɗan ƙaho ta saurara, ta duba ƙasan idon Adda, sannan ta kurma ihu tana kiran likita. Ihun farko da aka yi saboda Adda a ranar, daga bakin Sista ya fito.

Daga nan komai gudu ne. Aka kwance ta aka ɗora a gado mai taya. Likita ya zo a guje, ruwan alwala bai bushe a hannunsa ba. Aka ce mahaifa ta tsage, sai an yi aiki, kuma ana bukatar jini. Malam ya naɗe hannun riga bai tambayi komai ba. Aka gwada, nasa ya yi daidai da nata. Ina tsaye a baranda aka wuce da jinin a cikin leda, ja wur kamar zoɓo. Malam da bai taɓa ɗaukar Adda a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunanta ba, ga jininsa ana gudu da shi za a zuba a jikinta. Na dubi ledar nan na ce, ashe ana iya ɗebo rai daga jikin wani a kai wa wani kamar yadda ake ɗebo wuta daga maƙwabta. Allah mai iko.

Ba a jima sosai ba sai ga Sista ta fito daga ɗakin tiyata a guje, da abu a naɗe a ƙirjinta, ta shige ɗakin haihuwa. Na koma tagata. Ta shimfiɗa ki a kan tebur. Jikinki saɓe, hannuwa sun zube, launinki toka. Na san wannan launi. Na yi salati, na ce an gama, domin a iya sanina daga nan sai ƙyalle. Sista ba ta nemi ƙyalle ba. Ta zura wata 'yar roba ta zuƙe miki hanci da baki, ta goge bayanki da ƙarfi, ta kifa miki wani ɗan ƙoƙo a fuska mai kamar balan-balan a jikinsa, tana matsawa tana saki, ƙirjinki na tashi yana sauka da iskar da ba taki ba. Hadari ya haɗo, ruwa ya fara sauka a kaina, ban motsa ba. Ɗayar ma'aikaciyar ta ce mata wani abu a hankali, Sista ta girgiza kai ba ta ko dube ta ba. Tana matsawa tana magana, da wata murya da ban san tana da ita ba:

"Haba 'yata. Haba uwata. Kada ki yi mini haka. Yi kuka, don Allah yi kuka."

Hannun nan ne, Talle, mai zoben azurfa. Shi na gani a kuncin uwarki, shi nake gani a kanki yana lallaɓa ki kamar ƙwai. Sai na ga launi ya fara shigowa daga tsakiyar ƙirjinki, kamar garwashi in ana yi masa fifita, yana yaɗuwa zuwa wuya, zuwa leɓe. Ƙafarki ta harba. Kika yi wani ɗan ƙara kamar kyanwa, kika tsaya, sannan kika tsala kuka har ya danne ƙarar ruwa a kan kwano. Fulas ya suɓuce daga hannuna. Na ga an kira wanda ya tafi, ya kuma amsa. Na durƙusa cikin ciyawar nan ina ta kabbara, ina kuka, kuma ba ke kaɗai nake yi wa ba. Yaron gindin tsamiya nake tunawa. Wataƙila shi ma bai yi nisa ba. Wataƙila yana bakin ƙofa ne yana jiran mai irin wannan ƙoƙo, mu kuwa tasa muka kaɗa masa.

Likita ya gaya wa Malam cewa sun cire mahaifar gaba ɗaya. Malam aka gaya wa. Ita mai jikin ba wanda ya gaya mata, har ta koma ga Allah tana cewa in ta sake haihuwa za ta zo da wuri. Aka miƙo mana mabiyiya a baƙar leda kamar cefane, Malam ya kawo ta gida ya binne a bayan ɗakina, inda lallen nan yake yanzu. Me ya tsaga mahaifar? Dannawar ce, ko ruwan naƙudar, ko zaman benci, ko wuni da kwanan da ta yi a gida tana ɓoyewa? Na juya wannan a raina shekara da shekaru. Waɗanda ke cewa asibiti ya kashe Adda ba su ga ƙoƙon nan a fuskarki ba. Waɗanda ke cewa kwana ne kawai ya ƙare ba su ga abin da na gani ta taga ba.

Adda ta farfaɗo, ta gan ki, ta ba ki nono. Ni kuma na ajiye kunya a ƙofar asibiti na zauna a gefen gadonta. Goggo ta ce, "Yau kin zubar mana da mutunci a gari," amma tana faɗa tana matsawa don in sami wurin zama. Kullum da safe Sista na zuwa da kanta, ko ba aikinta ba ne, ta wanke ciwon, ta juya ta, ta goge mata jiki. Sawun yatsunta na nan a kuncin. In ta zo wajen sai ta goge shi a hankali, idonta na kallon bango. Ba ta taɓa cewa a yafe mata ba. Adda kuwa kullum sai ta ce, "Sannu, Sista." Sannan zazzaɓi ya shigo, cikin ya kumbura, aka yi ta allurai. Ba ta kai ranar suna ba.

Ranar sadakar uku sai ga Sista a gidan nan, da atamfa da mayafi, da ƙyar na gane ta. Ta zauna a bakin ƙofa kusa da takalma. Goggo ta ce ba mai ba ta ruwa. Malam ya aiko daga zaure ya ce a ba ta. Ni na miƙa mata, ban san ko fushi nake ji ko godiya ba. Ta ce a nuna mata jaririyar. Ta riƙe ki ta daɗe, ta mayar, ta tafi. Ban sake ganinta ba.

Goggo ce ta sa miki Talle, sunan da ake ba wanda uwarsa ta bar shi a tsumma. Ita ce kuma ta fara wannan labari na ko tari ba ta yi ba. Ban ga laifinta ba, ita ta goya ta, da wannan ta riƙa rarrashin kanta har ta mutu. Ni kuma ba a san uwa da zancen 'yar fari ba, ko tana raye ko ta rasu, sai na bar labarin ya yi ta girma kamar kabewa a kan danga. Malam kaɗai ya san abin da na gani. Yanzu duk sun tafi, saura ni, ga shi kuma labarin ya zo zai hau kanki.

Don haka ki saurara, ƙawata. Asibiti za ki, kuma da ciwon farko za ki faɗa, ba sai taɓarya ta tona ki ba. An ce yanzu abubuwa sun sauya, ban sani ba, Allah ya sa haka ne. Saratu za ta shiga da ke in an bari, in ba a bari ba ni na san hanyar taga. In za a sa miki wani abu a jiki, ki tambaya mene ne. In jikinki ya ce ki durƙusa, ki faɗa musu. In an ɗaga miki hannu, ki ce kada a kuskura. In ciwo ya zo kuma, ki buɗe baki har a ji ki a kasuwa. Duk wadda ta yi miki gori ki turo ta wurina. Wannan ba umarnina ba ne, saƙo ne aka bar mini, na daɗe ina riƙe da shi.

Ranar da uwarki za ta tafi, da hantsi ne. Goggo ta fita shanya. Adda ta daina magana tun jiyan, idonta a rufe, leɓenta sun bushe. Ke kuwa kika tashi da rigima, kina ta tsala kuka, har matar gadon kusa ta fara tsaki. Na ɗauke ki ina jijjigawa, ina cewa yi shiru, yi shiru 'yar albarka, mace ba ta haka. Sai na ji an kama wuyan hannuna. Rabon da jikinta ya taɓa nawa da niyya tun ranar da na yaye ta. Hannun zafi kamar dutsen guga. Ta buɗe ido, ba ni take kallo ba, ke take kallo, kuma ta yi murmushi ba ta rufe baki ba. Ta ce:

"Inna, bar ta. Da ƙyar aka samo kukan nan. Kada ki koya mata shiru."